Kyamara ta Uku a Gonar Bareyi

Gawar barewar tana kwance a gindin shingen waya, wuyanta a karye, ƙudaje sun riga sun taru a idonta. Taku uku daga wurin an yanke wayar daga sama har ƙasa, an buɗe kafar da mutum zai wuce a tsaye.

Baba Tijjani, mai gadin gonar, ya durƙusa ya dafa cikinta.

"'Yar Lele ce," ya ce. "Saura mata wata ɗaya ta haihu."

Sabitu ya tsaya a bayansa. Tare suka dawo daga cikin Makka bayan sallar Juma'a, shi da niyyar sauya batiran kyamarori, tsohon da ledar burodi. Ya bar shi a durƙushe ya hau kan dutse ya ƙirga dabbobin da suka takure a can ƙuryar gona. Bakwai. Ya sake ƙirgawa. Da safiyar jiya goma sha biyu ne. Ɗaya ta mutu, huɗu babu su.

Gonar tana cikin wani kwari kudu da Makka, tafiyar minti arba'in a mota. Ta marigayi Alhaji Abdul'ilah ce, wanda kakanninsa suka zo hajji daga Kano suka zauna. Ya yi shekara ashirin yana kiwon bareyi da takardar izini, ba ya ci, ba ya sayarwa. Da ya rasu, matarsa Hajiya Amatullahi ta riƙe gonar yadda ya bar ta. Ƙafafunta ba sa kai ta hawan dutse, bareyin kuma ba sa tsayawa a gan su, shi ya sa aka ɗauko Sabitu daga wani shagon kayan lantarki a unguwar Mansur ya kafa kyamarorin daji guda uku, irin waɗanda ke ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya motsa. Duk bayan mako biyu yana kai mata hotunan gida.

Sabitu mutumin Tanut ne, can ƙasar Nijar, ɗan maharbi. Kafin ya iya riƙe sukudireba ya iya karanta sawu.

Ya leƙa ta kafar da aka yanke. Gangaren duwatsu ne, mai tsayi, babu hanyar mota. Ya bi bakin wayar da yatsa. Babu gashi, babu jini. Ya dubi ƙasa a bayan gawar, ya ga layi biyu a cikin rairayi, sawun kofato da aka ja, sun taho daga wajen ƙofar gona.

"Baba, kira su Hajiya," ya ce. "Kada ka taɓa komai."

Da la'asar suka iso. Fahad ɗan Hajiya ne ya tuƙo, dogon saurayi da Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Hajiya ta fito da sanda. Ƙaninta Abdulbaƙi, wanda ke kula da harkokin gonar tun rasuwar Alhaji, ya sauko a hankali, don bara aka cire masa yatsun ƙafa biyu saboda ciwon suga, ƙafarsa ta hagu tana cikin wani faffaɗan baƙin takalmi na asibiti, ta dama cikin takalmin fata.

Hajiya ta tsaya a kan gawar ta daɗe. Ba ta yi kuka ba. Bakinta kawai yake motsi.

Abdulbaƙi ne ya fara magana. "Ina kake da aka yi wannan, Tijjani?"

"Na shiga gari tun bayan asuba, ranka ya daɗe. Mai ɗakina ba ta da lafiya a unguwar Tandabawi. Ai ka sani."

"Ka roƙe ni, na tausaya maka. Ashe hanya ka buɗe wa mutanenka." Ya juya ga Hajiya. "Yaya, a kira shurɗa, 'yan sanda. Su karɓi iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, su bincike shi."

Tijjani ya juya ga Hajiya. Shekararsa goma sha bakwai a gonar. In 'yan sanda suka tafi da shi da sunan sata, ƙarshen zancen jirgi ne zuwa gida, matar kuma tana kwance.

"Hajiya," in ji Sabitu, "ki ba ni zuwa magariba. A duba kyamarori tukuna."

"Kyamarorinka da ba su hana komai ba," in ji Abdulbaƙi.

"Ba don ɓarawo aka sa su ba, Alhaji. Don bareyi aka sa su. Amma a duba."

Hajiya ta ɗaga kai. "Zuwa magariba."

Kyamara ta farko tana jikin sandar ƙarfe kusa da kwamin ruwa, tana kallon filin da ke tsakanin ruwan da ɗan kewayen da ake killace dabba marar lafiya, daf da ƙofa. Sabitu ya tsaya tun kafin ya ƙarasa. Shi arewa ya fuskantar da ita. Yanzu gabas take kallo. Maɗaurin bai kwance ba, juya ta kawai aka yi, ta baya.

Ta biyu tana jikin magarya, inda aka ajiye dunƙulen gishiri. Wani ɗanyen reshe yana lilo a gaban idonta. Ya kama shi ya duba. Ba daga bishiyar ya tsiro ba, karyo shi aka yi aka soke a cikin ƙaya. Ya danna maɓalli. Batir ya mutu.

Ya zare memori daga kowacce, ya zauna a inuwar ɗakin mai gadi da kwamfutarsa. Ta bakin ruwa ta ba shi hotuna masu kyau har zuwa Talata da yamma. Daga Laraba, duk safiya daga bakwai da kwata zuwa takwas da rabi, fari fat, rana ta cika idon. Na yau ma haka: hoto talatin da ɗaya, babu abin da ake gani sai haske. Talatin da ɗaya sun yi yawa. Wani abu ya yi ta kai da kawowa a filin nan da safe.

Ta magarya ta ɗauki hoton reshe sau dubu huɗu da ɗari biyu kafin ta mutu. Ya koma kan na farko. Talata, biyar saura kwata na yamma.

Ya kira Tijjani gefe.

"Wa ya zo ranar Talata?"

"Fahad da Alhaji Abdulbaƙi. Sun kawo barsim, ciyawar dabbobi."

"Ƙarfe nawa?"

"Bayan la'asar. Ni ina sauke kaya daga mota."

"Su kuma?"

"Ban lura ba. Kaina yana ƙasa."

"Waɗanda suka ɓata, waɗanne ne?"

Tijjani ya lissafa da yatsu, sai ya tsaya. "Duk 'yan hannu ne. Waɗanda marigayi Alhaji ya raina da kwalbar madara. Su biyar ne dama, har da 'Yar Lele."

"Sauran bakwai fa?"

"Waɗancan ko ni ba sa bari in matso."

"'Yan hannun wa suke bi?"

"Wanda suka sani, in ya riƙe bokiti." Ya sunkuyar da kai. "Sabitu, ni suka fi bi. Ka ga dai yadda abin ya zo."

"Kai ka nemi izinin tafiya yau?"

Tsohon ya waiwaya wajen su Hajiya, ya rage murya. "Alhaji Abdulbaƙi ne ya kira ni jiya. Ya ce in je in duba iyali, in yi Juma'a a Harami, in kulle ƙofa kawai. Ban so in musa masa a gaban yayarsa ba."

Sabitu ya taka zuwa ƙofar gona ya tsuguna. Sawun tankin ruwa yana nan, taya bibbiyu masu faɗi. A kansa akwai wani sawun, siriri, na ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya shiga har bakin kewaye ya juya. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau. Ya kira Yunus, direban tankin, a waya.

"Yaushe rabonka da gonar Hajiya?"

"Jiya Alhamis, da hantsi. Lafiya?"

"Kana da makulli?"

"Ina ni ina makulli? Hon nake yi Baba Tijjani ya buɗe."

"Yau da safe kana ina?"

"Layin ɗibar ruwa, tun asuba har goma. Direbobi ashirin sun gan ni. Me ya faru?"

"Zan kira ka."

Fahad yana jingine da motarsa yana shan taba a ɓoye daga uwarsa. A kujerar baya akwai bindigar iska cikin jaka.

"Ta tsuntsaye ce," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Kar ka kalle ni haka."

"Ranar Talata ka zagaya cikin gona?"

"La, ban zagaya ba. Ina cikin mota da jawwal ɗina, ina kallon wasan ƙwallo a wayar."

"Kawunka fa?"

"Ya ce zai miƙe ƙafa, likita ya ce ya riƙa tafiya."

"Kana da makullin ƙofa?"

"Ummi ba ta ba ni ba. Ta ce zan kawo abokai." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ni kake zargi, ko?"

"Kyamarori nawa ne a gonar nan?"

"Biyu? Huɗu? Wallahi ban sani ba."

"Nuna min ɗaya."

Fahad ya duba hagu da dama, ya nuna fitilar da ke saman ɗakin mai gadi. Sabitu ya ce masa ya ɗan taka zuwa wajen bareyin. Bai yi taku ashirin ba suka watse, suka haye dutse.

"Kullum haka suke min," in ji Fahad. "Tun ina yaro."

Saura ta uku. Sabitu ya bi ta tsohuwar hanyar dabbobin, zuwa wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu inda ya fara kafa ta wata huɗu da suka wuce. Kututturen da ya ɗaure ta yana nan, babu komai a jikinsa. A ƙasa akwai sawun mutum, ya zagaya kututturen sau biyu, ya tsaya, ya koma. Iska ta ci gefen sawun, kwana uku zai yi. Wani ya zo neman abin da ba ya nan.

Ya zaga bayan babban dutse. Mako biyu da suka wuce an yi ruwan sama, kwari ya kawo, ya zubar da duwatsu a tsohuwar hanya. Bareyin suka sake wata. Ranar da ya zo sauya batir ya ga sabon sawu da sabon kashi, ya ciro kyamarar ya dawo da ita nan, cikin tsagar dutse, daidai gwiwa, a karkace da hanya don dabba ta daɗe a cikin hoto. Ya tura hannu. Tana nan, tana aiki.

A tsaye ya buɗe hotunan. Da ya kai na bakwai da minti ashirin da biyu na safiyar yau, sai ya nemi dutse ya zauna. Ya riga ya yi zato, amma gani daban ne. Mutumin nan ne ya ɗauko shi aikin. Ya taɓa kai shi asibiti da motarsa ranar da kunama ta harbe shi a gonar.

Rana ta yi ja sanda ya dawo. An shimfiɗa wa Hajiya darduma a gaban ɗakin. Abdulbaƙi yana kan kujera yana jan carbi, Fahad a tsaye, Tijjani a tsugune can nesa kamar wanda aka riga aka yanke wa hukunci.

"To?" in ji Abdulbaƙi. "Na ga ka sha yawo."

Sabitu ya zauna a ƙasa, ya fuskanci Hajiya.

"Hajiya, ba ta waya aka fitar da su ba. Bayan wayar gangare ne, mota ba ta zuwa, mutum ba zai sauka da barewa mai rai a kafaɗa ba. An yanke ta ne don a ce ɓarayin waje ne. Ita ma 'Yar Lele ba can ta mutu ba. A kewaye ta firgita lokacin da ake loda su, ta daki bango, aka ja ta zuwa can. Ta ƙofa mota ta shigo, da makulli, bayan tankin ruwa na jiya. Yunus ba shi da makulli, yana layin ruwa. Fahad ba shi da makulli, bai san inda kyamara ko ɗaya take ba, dabbobin kuma gudunsa suke."

"Ka gani ba," in ji Abdulbaƙi. "Saura mai gadi."

"Ina zuwa, Alhaji. An makantar da kyamarori biyu tun Talata. Ba a sace su ba, ba a fasa su ba, don da an yi haka za a tambayi wa ya san inda suke. An so a ce aikina ne bai yi kyau ba. Ɗaya an juya ta gabas, ɗaya an sa mata reshe. Ranar da na kafa su na yi bayani. Na ce kada ta kalli gabas ko yamma, rana za ta wanke hoton. Na ce a share duk reshen da ke gabanta, in ba haka ba iska za ta sa ta yi ta ɗauka har batir ya ƙare. Mutum biyu ne suke tsaye a wurin. Baba Tijjani yana riƙe da jakata. Kai kana tambaya, har ka sa na maimaita."

Carbin ya tsaya.

"To shi ma ya ji," in ji Abdulbaƙi.

"Ya ji. Amma akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba. Bayan ruwan sama na sauya wa ta uku wuri. Shi ya nuna min sabuwar hanyar, shi ya tallafe min ita ina ɗaurewa. Da shi ne, da ita zai fara rufewa, don ta nan dabbobin ke saukowa. Wanda ya yi aikin nan tsohon wurin ya je. Bai same ta ba, ya ɗauka an cire ta."

Ya juya kwamfutar ya ajiye a gaban Hajiya.

Hoton daga gwiwa ne zuwa ƙasa. Bakin farar jallabiya, gindin bokiti shuɗi da ciyawa tana leƙowa. A baya, bareyi biyar a jere, kunnuwa a sake, 'Yar Lele a gaba tana miƙa wuya. Ƙafar dama takalmin fata. Ƙafar hagu faffaɗan baƙin takalmi na asibiti.

Fahad ya sunkuya ya kalli hoton, ya kalli ƙafar kawunsa, ya sake kallon hoton. Abdulbaƙi ya ja ƙafar hagun ƙarƙashin kujera.

"Kawu," in ji Fahad. "Kai ne ka wanke gawar Abuya, mahaifina."

Hajiya ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta matso da fuskarta daf da hoton. Ta daɗe a haka.

"Abdulbaƙi," ta ce a hankali. "Ni na goya ka."

"Yaya, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Sau uku wani mai kuɗi yana zuwa neman sayen filin nan. Tun da aka fara rushe unguwanni a Makka kowa waje yake nema, ba za a sake yi mana irin wannan tayin ba. Sau uku kina cewa muddin bareyin Alhaji suna shan ruwa a nan ba za ki sayar ba. Na ce in 'yan hannun suka tafi, zuciyarki za ta saki. Don ke na yi, da Fahad. Ban yi niyyar ko ɗaya ta mutu ba, wallahi. Yaran da suka zo da motar ne ba su iya kamu ba."

"Tijjani fa? Shi ma don ni?"

Abdulbaƙi ya dubi ƙasa. "Da na san yadda zan yi in fito da shi daga baya."

"Daga jirgi?" in ji Sabitu. Bai yi niyyar magana ba, ta fito da kanta.

Tijjani bai motsa daga inda yake ba. Hawaye yana bin gemunsa, idonsa a kan mutumin da ya yi shekara goma sha bakwai yana buɗe wa ƙofa.

Hajiya ta dogara sandarta ta miƙe. Fahad ya kai hannu zai taimaka, ta ture. Ta taka har inda mai gadin yake.

"Malam Tijjani, na tsaya ina ji ana kiranka ɓarawo, ban ce uffan ba. Ka yafe min."

"Babu komai, Hajiya."

"Akwai." Ta juyo ga ƙaninta. "Huɗun suna ina?"

"Wajen wani mai gona a hanyar Ɗa'ifa. Yana tara irinsu."

"Suna da rai?"

"Da azahar dai suna da rai."

"Ya san na sata ne?"

"Na ce masa nawa ne."

Daga wani masallaci can bakin titi aka fara kiran magariba. Hajiya ta jira har ladan ya kai ƙarshe. Sannan ta miƙa hannu, tafin a sama. Abdulbaƙi ya gane. Ya laluba aljihu ya ciro makullin gonar ya ɗora mata. Ta ba Tijjani ba tare da ta waiwaya ba.

"Yanzu ɗauko wayarka," ta ce. "Ka kira shi, ka buɗe murya kowa ya ji. Ka faɗa masa sunanka da sunan ubanmu. Ka ce dabbobin na yayarka ne, sato su ka yi. Ka ce gobe da safe ɗanta zai zo ɗaukarsu, da mai gadinta. Maganar shurɗa kuma, sai na ga yadda suka dawo."

"Yaya, a gaban ma'aikata?"

"A gabansu ka fara."

Abdulbaƙi ya ciro wayar. Ya danna lambar da ba ita ba, ya kashe, ya sake dannawa, ya sake kuskure. Mutum huɗu suna kewaye da shi, babu wanda ya miƙa hannu. A karo na uku ta shiga, wayar ta fara ringi a tafin hannunsa.